Jamaika Ba Bola Ba Ce

Wai don Allah wa ya gaya muku mutumin da guguwa ta yaye wa rufin ɗaki rigar sanyi yake nema? Kun ga hotunan da aka zuba jiya da daddare a zauren WhatsApp na ƙungiyarmu ta nan Houston, a jihar Texas ta Amurka, ba sai na maimaita muku ba. Baƙar leda kan baƙar leda har ta kusa taɓo silin gareji, manya sun jeru a gaba, kowa ya dafa guda yana murmushi, an rubuta a ƙasa wai tallafin al'ummarmu ga 'yan'uwanmu na Jamaika da guguwar Melissa ta afka wa. Na buɗa hoton da yatsa, sai ga hannun wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi ya leƙo daga bakin leda. Jamaika fa, jama'a. Ƙasar da ko a watan Janairu fanka ake kunnawa. Ga takalmi mai tsini, ga ankon bikin da aka yi tun kafin korona, ga wani kwat da na tabbata mai shi ya daina shiga cikinsa tun yana saurayi. Masha Allah, sannunku da ƙoƙari. An rage kaya a kabad, an ɗauki hoto, yanzu kuma an zauna ana jiran lada.

Wannan kwashe shara ne, a daina kiransa agaji. Wanda zai taimaka ya ba da kuɗi, ko ya ba da jikinsa. Gwanjo ya zauna inda yake.

Guguwar Melissa ta sauka a kudu maso yammacin tsibirin ranar 28 ga Oktoba, 2025, tana mataki na biyar, wanda babu na sama da shi, da iskar da ta kusa kilomita 295 a sa'a guda. Garin Black River ya koma kufai, asibitin garin ma bai tsira ba. Yankin St Elizabeth, wanda shi ne rumbun abincin ƙasar, gonakinsa sun kwanta. Mutumin da ke wurin ruwan sha yake nema, da tamfol da zai rufe inda kwano ya tashi, da ƙusa da katako, da maganin hawan jininsa da ruwa ya tafi da shi, da man janareto, da zarto mai inji da za a datse itacen da ya tare hanya. A cikin wannan jerin ina ankon biki ya shigo?

Kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda ledojin nan za su isa. Wa zai biya kuɗin kwantena? Wa zai yi fitonta a tashar ruwa? In ta fito, a wane sito za a ajiye, wace mota za ta ɗauka, wa zai zauna ya ware na maza da na mata, na yara da na manya, mai kyau da yagagge? Duk ɗan agajin da aka zaunar yana warware ledar gwanjonku, an cire shi ne daga kan rufin wata tsohuwa da ruwan sama ke zuba a kan gadonta. Masu wannan aiki sun daɗe suna kiran irin kayan nan masifa ta biyu, wato wadda ke biyo bayan guguwar. A 1998, bayan guguwar Mitch, tulin tufafin sadaka ya tare filin saukar jirgi a Honduras har jirgin da ke ɗauke da kayan ceto ya rasa inda zai sauka. Bayan igiyar tsunami ta 2004, tufafi sun taru a bakin teku a Indonesiya har suka ruɓe, ƙarshe wuta aka cinna musu. José Holguín-Veras, farfesan da ya shafe shekaru yana bin sawun kayan da ake turawa wuraren bala'i, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 nasu ba su da amfani a wurin. Mu kuma ga mu nan mun tashi haiƙan za mu ƙara musu.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa mini ta bayan fage. Wai niyya ake dubawa. To, Alhaji, ranka ya daɗe, niyyarka tsakaninka da Ubangijinka ce, ba ni da ta cewa a ciki, amma niyya ba ta toshe yoyon ɗaki. Kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Baƙara, aya ta 267, cewa kada mu zaɓi mummunan abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido, mu ce shi za mu bayar. Ku buɗe ledojin nan tsakani da Allah, ku ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanne ne a ciki za ku karɓa ido buɗe?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu mutanen Houston ne. Da wasu ne can da ba su taɓa ganin guguwa ba sai a talabijin, da na yi musu uzuri. Mu guguwar Harvey ta same mu har gida. Ta sauka kusa da garin Rockport na gaɓar tekun Texas ranar 25 ga Agusta, 2017, ta zo ta yi zaune a kanmu kwana da kwanaki tana zubar da ruwa, har a garin Nederland da ke gabas da Houston aka auna ruwan sama fiye da inci 60. Da madatsun Addicks da Barker suka cika, injiniyoyin soja suka buɗe su, unguwannin da suka ɗauka sun tsira suka wayi gari ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mutum kusan 10,000 suka kwana a zauren taro na George R. Brown. Duk mun gani da idonmu. Mun kuma ga tsaunin tufafin da ya taru a matsugunai har masu kula da su suka koma roƙon a dakata da kawowa.

Su wa ake tunawa da su yau? Masuntan Louisiana da ake kira Cajun Navy, waɗanda suka jawo ƙananan jiragensu na kamun kifi a bayan mota suka shiga unguwanni suna kwaso mutane. Jim McIngvale, mai sayar da kujeru da katifu, da ya buɗe shagunansa ya ce a shigo a kwana a kan sabbin kayan da ya kasa don sayarwa. Sabbi, Hajiya, ba waɗanda ya gaji da su ba. J.J. Watt, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya nemi dala 200,000, aka tara masa sama da miliyan 37. Masallatan garin nan sun buɗe ƙofa ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, Babbar Sallah ta zo ranar 1 ga Satumba ta tarar da mutane kwance a ciki, ba a kuma tashe su don za a yi Idi ba. Ko dai kuɗi, ko jiki, ko wurin kwana. Ban ji an ambaci wanda ya kawo kwat ba.

Aikin gaske kuwa sai da ruwa ya janye, masu kyamara suka naɗe wayoyinsu suka tafi, sannan ya fara. Wanda bai shiga gidan da ruwa ya kwana a ciki ba, ba zai gane ba. Warin ne zai fara tarbarka tun daga bakin titi, warin taɓo da masai da abincin da ya ruɓe. Firji ba a buɗe shi, ɗaure shi ake yi da salatif a tura shi waje a rufe, duk wanda ya yi gangancin buɗewa kuwa shi da cin abinci sai gobe. Kafet da ya sha ruwa sai an yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ƙarti su iya ɗaga shi. Bangon gidajen nan kun san ba bulo ba ne, allon farar ƙasa ne da aka manna a jikin katako, ga audugar tare zafi cushe a ciki. Ruwa na taɓa shi yake tsotsa ya yi sama, cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna ta fara tsiro. Dole a ja layi sama da inda ruwan ya tsaya, a yanke, a ɓamɓare, a zare audugar, a cire ƙusoshi, a kwashe a baro, a bar katakon tsirara ya bushe da fanka kafin a yi maganar gyara. Duk wannan a cikin zafin Satumba na Texas, babu wuta, fuska a cikin takunkumi, hannu a cikin safa, gumi na shiga ido.

Akwai wata dattijuwa baƙar fata da aka tura mu gidanta a gabashin gari, ita kaɗai take zaune, 'ya'yanta suna wata jiha. Tana kan kujerar roba a tsakar gida tana kallo muna fitar da rayuwarta muna tarawa a bakin titi: gado, kujeru, littattafai, injin ɗinki. Ba ta ce uffan ba sai da wani yaro a cikinmu ya ɗauko kwalin hotuna da suka manne da juna zai jefa a baro. Ta ɗaga hannu ta ce a kawo mata. Wata 'yar'uwarmu ta cire safar hannu ta zauna kusa da ita a ƙasa, suka dinga ɓanɓaro hotunan a hankali suna shanyawa a kan tawul, tsohuwar na gaya mata wane ne wannan, wace ce waccan. Har muka tashi suna nan. Babu wanda ya ɗauki hoton wannan zama, kuma a ganina duk ranar ba a yi aikin da ya kai shi ba.

A gidajen da muka shiga na ga 'yan cocin Baptist da rigunansu ruwan ɗorawa, na ga Kiristocin ɗariƙar Mennonite da suka taso daga jihohi masu nisa da kayan aikinsu, na ga tsofaffin sojoji na ƙungiyar agaji ta Team Rubicon, na ga matasan ƙungiyoyin agajin Musulmi na ICNA Relief da Islamic Relief. Namu fa? Ana iya ƙirga su da yatsun hannu, kuma yawanci ɗalibai ne da ba su da ko motar kansu. Manyan da ke dafe da leda a hoton jiya, Allah ya ƙara girma, ban ci karo da ko ɗaya ba. Wataƙila layinmu ne bai haɗu ba.

Sai kuma masu cewa ai kuɗi cinyewa ake yi, gara kaya. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni dariya. Kaya ba a wawure su? Ba a barinsu su lalace? A Puerto Rico, shekara guda bayan guguwar Maria ta 2017, an gano dubban ɗaurin ruwan roba jibge a filin jirgin Ceiba rana ta gama gasa su, a tsibirin da aka ƙiyasta mutum 2,975 sun mutu sanadin guguwar da abin da ya biyo bayanta. Ruwan sha ke nan, abin da kowa ke nema, ya rasa mai rabawa, balle ankonki. In kuna tsoron a ci kuɗinku, ku bincika ƙungiyar da ke da mutane a ƙasa kuma take buga lissafinta, ku ba ta. Kuɗi ba ya buƙatar kwantena, yau ka tura gobe ya zama tamfol. Yana kuma zama ciniki ga mai shagon katakon garin, wanda shi ma guguwar ta taɓa, maimakon a cika kasuwarsa da kayan kyauta a ƙarasa kashe shi.

Wani kuma ya rubuto mini wai me ya haɗa mu da Jamaika alhali gida na ci da wuta. Madalla. Da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024, nawa ka tura? Da ruwa ya share Mokwa a Mayun 2025 fa? Lokacin ma ai gwanjo kuka ce a tara. Mai bayarwa yana bayarwa can da nan, mai neman hanyar zillewa kuma ba ya rasa ta.

Ban ce kowa ya sayi tikiti ya nufi Kingston, babban birnin Jamaika, ba, kada a juya mini magana. Wanda ya tashi haka kawai ba tare da wata ƙungiya ta kira shi ba, ya je ne ya ci abincin waɗanda abin ya shafa, ya kwana a gadon da wani ke buƙata. In kana da sana'ar da ake nema, likita ce ke ko nas, kafinta ne kai ko mai gyaran wuta, ka yi rajista da masu aikin, ka karɓi horo, ka yi allurar tetanus, ka jira a kira ka. Gyaran gari bayan irin wannan guguwa shekaru yake ɗauka, wata shida nan gaba za a fi neman hannunka fiye da yau, lokacin da duniya ta manta da sunan Melissa. In ba ka da sana'ar kuma ba ka da lokaci, sa hannu a aljihu. Dala ashirin ɗinka ta fi leda goma. Ledojin garejin kuwa a kai su shagon gwanjo na unguwa, in an samu wani abu a kansu a haɗa a tura.

Tunda ma maganar ta kawo mu nan, ku da kuka sayi gidaje a garuruwan Katy da Richmond na gefen Houston kwanan nan, ku buɗe takardar inshorarku ku karanta. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, daban ake sayenta, kuma ta gwamnati sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, ba ranar da aka sanar da guguwa ake rugawa ba. Yawancin gidajen da Harvey ta cinye ba su da ita. Janareto kuma a waje ake kunna shi, nesa da taga, ba a gareji ba, mun ga yadda hayaƙinsa ya kashe mutane bayan guguwar Beryl a Yulin 2024.

Af, bawan Allahn da ya ari injina na tsotsar ruwa da doguwar igiyar wuta tun lokacin Beryl ɗin, ka san kanka, kana ma cikin hoton jiya a layin baya. Ba sai na kira suna ba. Ina gida ranar Asabar bayan La'asar, kuma ka haɗo da tiyon, don na ji an ce ka raba su.