Ka san addininka tukuna kafin ka ɗaga ƙafa

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku 'yan'uwana na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Alabar, da duk inda wannan rubutu ya iske ku. Yau da 'yan Katolika nake, musamman yaranmu da suka tashi nan Kumasi waɗanda iyayensu suka sauko daga Navrongo da Bolga da Jirapa da Nandom da Bawku, Hausar zango ta haɗa mu. Masu son shigowa cocin Katolika ma ina da magana da ku, ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa.

Ƙidayar jama'a ta Ghana ba ta ɓoye mana komai ba. A 2000 'yan Katolika sun kai kashi 15 cikin 100, a 2010 suka koma 13, a 2021 suka sauko 10. Waɗanda suka bar cocin nan ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, wasu mu muka riƙe su a hannu ranar baftismarsu. Kuma abin da ke ci mini rai ba tafiyar kaɗai ba ce, a'a, in ka zauna da mutum ka ce to ƙanena me ka bari, sai ka tarar bai san abin da ya bari ba. Katikisim ɗin, wato karatun addini, da ya yi yana ɗan shekara tara ko goma don karɓar Jibin Ubangiji na farko, shi ke nan iyakar karatunsa, ya girma ya yi gemu ya yi digiri amma a addini yana nan inda katikis, malamin da ke koyar da addini, ya ajiye shi. Ranar da wani ya tare shi a trotro ko a Kejetia da aya biyu ya ce ku 'yan Roman kuna bauta wa Maryamu, kuna durƙusa wa gunki, ba kwa karanta Baibul, sai jikinsa ya yi sanyi, ba don maganar gaskiya ce ba, don dai ba shi da amsa. Annabi Hosiya ya faɗa tun tuni a sura 4 aya 6, rashin sani ne ke hallaka mutanen Allah.

Wai ba ma karanta Baibul. Kai ƙanena ka je Mas, wato ibadarmu a coci, ranar Lahadi ka buɗe kunne, karatu na farko galibi daga Tsohon Alkawari, sai Zabura, sai wasiƙun manzanni, sai Bishara da muke miƙewa tsaye dominta, kuma an tsara shi shekara uku, shekarar Matiyu, shekarar Markus, shekarar Luka, Yohanna kuwa yana shigowa lokacin azumi da Ista. Shi kansa jerin littattafan Baibul, ai bishop-bishop ne suka zauna a Hippo a 393 da Kartaj a 397, nan Afirka ta Arewa inda Aljeriya da Tunisiya suke yau, suka tabbatar da waɗanda ake karantawa a coci. Littafi 27 na Sabon Alkawari da ake nuna maka ana cewa cocinka ba ta bin su, a hannun wa suka kwana shekaru sama da dubu kafin a ƙera injin buga littafi? Da hannu aka riƙa kwafarsu a gidajen sufaye. In kai ba ka buɗe naka a gida, wannan laifinka ne, kada ka ɗora wa Ekklisiya.

Uwarmu Maryamu kuwa ba wanda ya koya mana mu yi mata sujada, sujada ta Allah ce shi kaɗai, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Roƙonta muke ta yi mana addu'a. Rabin farko na gaisuwar da muke yi mata a rosari, ka duba Luka sura 1, maganar mala'ika Jibrilu ce a aya 28 da ta Alisabatu a aya 42. A bikin Kana kuma maganar da ta yi wa masu hidima ita ce su yi duk abin da Yesu ya faɗa musu, har yau can take tura mu, wurin ɗanta. Zuwa wurin Fada a furta zunubi ma ba ƙirƙirar Turawa ba ce, Yohanna 20 aya 22 da 23, da yammacin ranar tashinsa Yesu ya hura wa almajirai Ruhu Mai Tsarki ya ba su ikon gafarta zunubi.

Amma babban abin da ya riƙe ni, wanda ko za a kwashe komai ba zan iya barinsa ba, shi ne abin da ke kan bagadi. Ku karanta Yohanna sura 6 a natse ba da gudu ba. Yesu ya ce jikinsa abinci ne na gaske, jininsa abin sha ne na gaske, jama'a suka ce wannan magana ta yi nauyi wa zai iya jinta, da yawa cikin almajiransa suka juya suka tafi, kuma bai bi su da gudu ya ce ku dawo misali nake yi ba, sai ya juya ga sha biyun ya ce ku ma za ku tafi ne? Bitrus ya ce Ubangiji wurin wa za mu je, kai ke da maganar rai madawwami. Ni a nan na tsaya. Wajen shekara ta 155 Yustinu mai shahada ya rubuta wa sarkin Roma yadda Kiristoci ke ibadar Lahadi, ana karanta rubutun manzanni da annabawa, shugaba ya yi wa'azi, a tashi a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, ya yi godiya jama'a su ce Amin, a raba, a kai wa waɗanda ba su zo ba, a tara taimako don marayu da gwauraye. Ku gaya mini, ba abin da ake yi a babban cocinmu na St Peter's kan Roman Hill kowace Lahadi ke nan ba? Ko Fada ya iya wa'azi ko bai iya ba, ko waƙar mawaƙan coci ta yi daɗi ko ta kwafsa, Yesun da ke cikin gurasar nan bai ragu ba. Wanda ya gane wannan da zuciyarsa, ba kiɗa ba ihu da zai ɗauke shi.

Ban ce ba a ɓata muku rai ba, na san an ɓata. Akwai wadda mahaifiyarta ta rasu, maimakon a fara da ta'aziyya sai aka fara da tambayar katin kuɗin wata na coci. Akwai wanda ya kwanta asibiti wata guda ba wanda ya leƙo shi, sai 'yan wata cocin suka zo da abinci da addu'a, to don me ba zai bi su ba? Akwai iyayenmu mata 'yan arewa da ke zama bayan coci, ana Mas da Twi da Turanci, ba su kama rabin abin da ake faɗa, ba kuma wanda ya damu ya tambaye su. Akwai abin kunyar da wasu limamai suka yi a duniya wanda ya sa muka sunkuyar da kai. Duk gaskiya ne, kuma ya kamata shugabanninmu su ji shi da kunnen basira, mu ma da ke zaune a benci mu gyara halinmu, don yawanci sanyin fuskarmu ne ke korar mutum kafin wani ya ja shi. Sai dai ke ƙanwata, wanda ya ɓata miki ba shi ya mutu dominki a kan gicciye ba. Cikin sha biyun da Yesu ya zaɓa da kansa ɗaya ya sayar da shi, ɗaya ya yi musunsa sau uku, sauran suka watse a daren, amma bai fasa gina Ekklisiyarsa a kan Bitrus ɗin nan ba.

Masu neman waraka da buɗi, ban raina kukanku ba, rashin haihuwa da rashin aiki da ciwon da asibiti ya kasa ba wasa ba ne. Muna da shafewar marasa lafiya, muna da zaman sujada gaban Sakramenti Mai Tsarki, muna da ƙungiyar karismatik ga masu son addu'a da ƙarfi, ga wurin addu'a na Buoho nan kusa da mu inda jama'a ke hawa su kwana suna roƙo. Abin da ba za mu yi muku ba shi ne alkawarin cewa in kun ba da sidi kaza gobe biza za ta fito, domin Ubangiji bai yi wannan alkawari ba, cewa ya yi mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana.

Yanzu ku masu son shigowa. Muna murna wallahi, ƙofa a buɗe take, amma kada ku ji haushi in katikis ya ce sai kun zauna aji. Yaron da aka kai Suame Magazine koyon gyaran mota, ba ranar da ya sa rigar aiki ake miƙa masa injin mutane ba, shekaru yake yi yana wanke sifana yana kallon hannun maigidansa kafin a yaye shi, to balle abin da ya shafi ranka har abada. Fadan da suka zo Navrongo a 1906 daga Wagadugu, tsarin da wanda ya kafa ƙungiyarsu Kadinal Lavigerie ya ba su shi ne mutum ya yi shekara huɗu yana koyo kafin baftisma. Da aka buɗe mishan a Jirapa a 1929 kakanninmu da ƙafa suke takowa daga ƙauyuka masu nisa da guzurinsu don su koyi addu'a da katikisim, ba su ce an wahalar da su ba. Cikin yaran wancan zamanin aka samu Peter Porekuu Dery, wanda ya zama Fada a 1951, Fafaroma Yohanna na 23 ya ɗora masa hannu a Roma a 1960 ya zama bishop na Wa, daga baya Tamale, har ya zama kadinal a 2006. Waliyyi Augustine ma da duk iliminsa sai da ya daɗe yana sauraron wa'azin bishop Ambrose a Milan, yana tambaya yana gardama, uwarsa Monika tana kuka tana addu'a, kafin a yi masa baftisma a daren Ista na 387.

Kada ka shiga don yarinyar da kake so 'yar Roman ce, ko don kana neman wa ɗanka gurbi a makarantar mishan, ko don a yi maka jana'iza mai kyau. Ka zauna ka ji abin da za ka ɗauka. Katikisim ɗin da aka fitar a 1992 kashi huɗu ne, abin da muka gaskata, sakramenti bakwai, dokoki goma da zaman rayuwa, sai addu'a, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, inda bai shige ka ba ka ɗaga hannu, matambayi ba ya ɓata. Ka sani tun yanzu aure a wurinmu mace ɗaya ce namiji ɗaya har mutuwa. Ka sani ba a haɗa bagadi da gidan boka, ranar da aka kira ka gida arewa aka ce a yanka kaza a kan tsafi za ka tsaya a gaban baffanninka da ladabi ka ce a'a, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai waɗanda danginsu suka juya musu baya a kansa. Shi ya sa Yesu ya ce a Luka 14 mai son gini ya fara zama ya yi lissafi. In an riga an yi maka baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a cocin da aka yarda da baftismarta, ba za a sake ba, karɓarka za a yi, amma koyon dai sai ka yi. Kuma don Allah kafin lokacin kada ka bi layi ka karɓi Jibi don kunyar a gan ka zaune, ba raini ba ne, Amin ɗin da ake cewa a wurin shaida ce, ba a shaidar abin da ba a sani ba. Ba mai ikon tilasta maka, dokar Ekklisiya kanta ta hana a sa mutum shiga ba da son ransa ba, in ka yi wata shida ka ga ba ka shirya ba ka faɗa, za a jira ka.

Iyaye, mu a zango muke, kullum da yamma muna ganin 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi sun tafi makaranta, Asabar da Lahadi ma haka, yaro ɗan shekara bakwai ya san alwala ya san sallarsa. Wannan abin koyi ne kuma ina girmama su a kai. Majalisar Vatikan ta biyu a 1965 ta ce mu dubi Musulmi da mutunci, kuma duk mun ga yadda Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019 ya gaisa da jama'a, ya fito da addininsa cif, domin wanda ya san abin da yake riƙe da shi ba ya tsoron gaisawa da maƙwabci. Namu fa? Mun biya kuɗin lesin na lissafi da Turanci, amma ajin katikisim na awa ɗaya sai mu ce yaro ya gaji. Rosari na yamma a tsakar gida da iyayenmu suka riƙe, talabijin da waya sun cinye shi.

Kai da ka riga ka sa ƙafa ɗaya a waje, abu ɗaya nake roƙonka. Ka rubuta duk tambayoyin da ke damunka a takarda, har masu zafin, ka kai wa Fada ko katikis, in na farko bai saurare ka ba ka nemi wani, faris, wato cocin unguwa, ba ɗaya ba ne a Kumasi. Ka shiga ajin manya masu koyo ka zauna tare da su daga farko har daren Ista ko da an yi maka baftisma tun kana jariri, ba wanda zai kore ka. Ke kuma da kika daina zuwa don aurenku na gargajiya ne ba a ɗaura a coci ba, shekaru kina jin kunya, ki sani ana gyara wannan, ba sai da farar riga da hayar kanofi da dafa shinkafar mutum ɗari uku ba, Fada da shaidu biyu sun isa bayan an yi muku shiri. Ki samu maigidan ku je ofishin faris tare cikin satin nan, ku tafi da katin baftisma in yana nan, in ya ɓace ku faɗi garin da aka yi muku, za a nemo a rajista.