Ba zanen yara ba ne, rubutu ne!

Kun dai ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta a ƙarƙashin hoton Kundin Mendoza, littafin Aztek (mutanen Meziko na da), da aka saka jiya. Wai "zanen yara ne kawai, mutanen Meziko ba su san rubutu ba sai da Turawan Sifen suka zo". Abin ya ɓata min rai matuƙa, don jahilci ne aka faɗa da gadara.

Malam, rubutu ne. Ka dubi shafukan littafin da kyau. Kowane sarki zaune yake, an ja ɗan siririn layi daga kansa zuwa wata alama. Alamar nan sunansa ce. Garkuwa da hayaƙi na tashi a kanta, Chimalpopoca ke nan, garkuwa mai hayaƙi. Maciji da tsinin baƙin dutse mai kaifi jere a gadon bayansa, Itzcoatl. Hannu ya damƙi kara, Acamapichtli. Fuska ruwa na kwarara a kanta, Axayacatl. Mai jin Nahuatl, harshen Aztek, yana kallo zai furta sunan, ba sai ya yi ta canki-canka ba. Abin da ake kallo a furta, me ake ce masa in ba rubutu ba?

Wasu za su ce ai ma'ana kawai suke zanawa, ba sauti ba. Su je su duba yadda aka rubuta Mendoza, wakilin sarkin Sifen na farko a ƙasar. Sunan baƙo ne, ba shi da ma'ana a harshensu, sai marubucin ya zana tsiron da suke kira metl da wata dabba mai haƙar rami, tozan. Me-toza. Sauti zalla!

Kuma ba sarakuna kaɗai ba. Kundin ƙidayar yankin Huexotzinco da ke Meziko na 1560 cike yake da dubban sunayen talakawa masu biyan haraji, kowa da alamarsa kusa da kansa. Wa ke tattara haraji da zanen yara? Masu wannan aiki, tlacuilo, koyo suke yi kamar kowace sana'a, wallahi sun cancanci a girmama su.

Abin da ma ya fi ci min tuwo a ƙwarya, shi wannan littafi, Kundin Mendoza, da aka yi wajen 1541, ba ya Meziko. Tun 1659 yake ɗakin karatun Bodleian a Oxford. Jikokin waɗanda suka rubuta shi sai sun hau jirgi zuwa Ingila kafin su sa shi a ido.