Horo daban, huce haushi daban

Duk inda iyaye Kirista suka zauna a Gombe ana maganar yaran zamani, ko a taron dattawan ikilisiya ko bayan an tashi daga Zumuntar Mata, ba a daɗewa wani zai jawo Karin Magana 13:24: wanda ya hana ɗansa sanda, ƙinsa yake yi. Ayar gaskiya ce, ni ma da ita aka rene ni a Kaltungo. Abin da ke damuna shi ne yadda muka riƙe wannan aya guda muka saki sauran abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa a kan yadda Allah kansa yake horon 'ya'yansa.

Bari in fara da laifina. Wata ranar Alhamis na dawo gida raina a ɓace, albashi ya makara, mai gidan haya kuma ya kira ni sau biyu. Na tarar ɗana mai shekara 9, wanda aka aika injin niƙa, ya dawo da masarar yadda ya tafi da ita, ya ce naira 500 ɗin ta faɗi. Ban tambaye shi komai ba. Na karyo tsumagiyar darbejiya na zane shi har hannuna ya gaji. Da dare, lokacin addu'ar iyali, ya je ya raɓe bayan uwarsa, bai buɗe baki ba ko a waƙa. Washegari tana wanki ta kira ni, ta zura yatsa cikin aljihun wandonsa, yatsan ya fito ta ƙasa. Ta ce, "Maigida, ba kuɗin nan ne suka jawo wa yaron nan duka ba. Abin da ka kwaso daga waje ne."

Haushin kaza ne na huce a kan dami. Da wani ya tare ni a daren nan, da ayar sanda zan kare kaina.

Ibraniyawa 12:5-11 ne ya fi kowane wuri bayyana horon Allah, kuma marubucin ya ɗauko tushen maganarsa daga Karin Magana 3:11-12. Ubangiji yana horon wanda yake ƙauna, kamar yadda uba ke tsauta wa ɗan da yake jin daɗinsa. Aya ta 10 ce ta fi taɓa ni. Ta ce iyayenmu na duniya sun hore mu na ɗan lokaci yadda suka ga ya dace, amma Allah yana yi ne domin amfaninmu, don mu sami rabo cikin tsarkinsa. Horon Allah yana da inda ya nufa. Ba ya tashi don an ɓata masa rai a kasuwa.

Kalmar horo ma a bakinmu ta fi duka faɗi. Ana horar da soja, ana horar da malami, manomi a Billiri ko Balanga yana horar da shanun huɗa. Wanda ya taɓa ganin ana koya wa ɗan bijimi jan garma ya san aikin na kwanaki ne. A haɗa shi da babban sa wanda ya iya, a bi da shi kunya bayan kunya, ana magana da shi. Bulala tana hannu, amma manomin da ya mai da ita abin yi kullum zai ƙare da sa mai firgita, wanda ba ya tafiya a miƙe. Sandan makiyayi ma haka yake: yawancin aikinsa nuna hanya ne da korar abin da zai cuci garke. Shi ya sa Dawuda a Zabura 23 ya iya cewa sandan Ubangiji yana ta'azantar da shi.

Dubi Farawa sura 3. Adamu ya yi laifin da ya fi kowane laifi tsada, Allah kuma ya riga ya san komai, duk da haka da tambaya ya fara: ina kake, wa ya faɗa maka tsirara kake? Ya saurara, ya yanke hukunci mai nauyi, bai kuwa janye shi ba. Amma kafin ya fitar da shi da matarsa daga gonar sai da ya yi musu tufafin fata ya suturta su. Ni ko tambayar farko ban yi ba. Irmiya ya roƙi Allah ya hore shi bisa adalci, kada ya yi cikin fushi, don kada ya hallaka (10:24). Abin da muke roƙa wa kanmu ke nan kowace Lahadi, mu dawo gida mu hana 'ya'yanmu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Wanda ya ga zamanin da 'yan Kalare suka addabi unguwannin Gombe, ko ya ga yadda maganin tari mai kodin ya ci matasa har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, ba zai so a ce masa ya sassauta wa yaro ba. Ni ma ban ce a sake su ba. Eli firist ya yi wa 'ya'yansa Hofni da Finehas magana a kan muguntarsu, amma bai hana su ba, gidansa ya rushe, shi kuma ya faɗo daga kujera ya karye wuya yana da shekara 98. An rubuta game da Adonija cewa ubansa, sarki Dawuda, bai taɓa ce masa don me ka yi haka ba (1 Sarakuna 1:6), ƙarshensa ya tashi neman sarauta uban na raye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai mai tanƙwara icce a hankali yake yi, yana duba inda zai iya tsagewa. A cikin samarin da na sani da suka bi daba, da yawa ba duka suka rasa a gida ba. Sun sha shi har ya daina yi musu zafi. Wanda zai zauna ya ji bakinsu ne babu.

Bulus ya ga wannan haɗari. A Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, ubanni ya kira kai tsaye, ya ce kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, kada su matsa musu har su karai. A makarantar Lahadi muna sa yara haddace Afisawa 6:1, ku yi wa iyayenku biyayya. Ina roƙon fastocinmu su riƙa karantawa har aya ta 4 a gaban iyaye, a sujadar safe lokacin da majami'a ta cika.

Ikilisiyoyinmu ma sun san tsarin. Idan aka sa mutum ƙarƙashin horo, ana faɗa masa laifinsa, a dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji, dattawa su riƙa ziyartarsa, ranar da horon ya ƙare kuma a karɓe shi a gaban jama'a. A gidajenmu wannan karɓar ce ta ɓace. A yi duka, kowa ya shiga ɗaki, gobe a ci gaba kamar ba a yi ba, yaro bai san ko an yafe masa ba. Yesu bai bar Bitrus haka ba bayan ya yi musun saninsa sau uku. Ya gasa kifi a bakin teku, ya ciyar da shi, sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aikinsa.

Da yammar ranar Juma'ar na kira ɗana, na zaunar da shi a tabarma kusa da ni, na ce, "Ɗana, jiya ban tambaye ka ba na doke ka. Ban yi daidai ba, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini uba ba ya ba ɗansa haƙuri, raini yake jawowa. Na ce masa, "Baba, in bai taɓa ganin tuba a wurina ba, a ina zai koye ta?" Bai yarda ba, har yau kuma muna kan maganar. Yaron dai sai da ya yi kwana huɗu kafin ya dawo mazauninsa na gefena lokacin addu'a, sanye da wandon da uwarsa ta ɗinke wa aljihu.