Abin da wayar wani koci ta koya min a Nima

Shekarata ta tara ke nan a Nima, cikin Accra, ina sana'ar gyaran waya, kuma har yau da an idar da sallar La'asar sai ƙafata ta ja ni filin Kawukudi. A Fagge na tashi, na buga ƙwallon unguwa har gwiwa ta hana ni. Shi ya sa idan na tsaya bakin fili, yadda ake koyar da yaran ya fi ɗaukar hankalina a kan wa ya ci wa.

A zamaninmu a Kano, tsarin wasa a bakin koci yake. Kafin a take wasa zai tara mu a gindin darbejiya, ya ja layi a ƙasa da tsinke, ya jera marafan kwalba goma sha ɗaya, ya ce kai nan, kai can. Da mun miƙe, ƙafafunmu sun share zanen. In aka ci mu sai faɗa: "Ka bar gibi a bayanka!" Ni lamba uku nake bugawa, kuma shekara uku ana faɗa min wannan magana ban gane gibin da ake nufi ba. A raina ina gudu, ina tarewa, riga ta jiƙe sharkaf. Abin da kowa a bakin fili yake gani, ni kaɗai ne ban taɓa gani ba, wato kaina.

Bara wani matashin koci ya kawo min wayarsa gilashin ya tsage. Ya ce, "Kawu, don Allah a yau nake so, aikin yarana duk yana ciki." Da na gama sai ya nuna min. Ranar wasa yakan ɗora yaro ɗaya a saman shagon kwantena ya ɗauki bidiyo daga sama. Da dare ya zauna ya yanka, daƙiƙa ashirin ga kowane ɗan wasa, ya zagaye wurin da jan layi, ya tura masa shi kaɗai ta WhatsApp tare da saƙon murya da Hausa. Kuskure ɗaya tak. Washegari kafin atisaye, yaron ne zai tsaya ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Waɗanda ba su da waya sukan haɗa kai su kalla a wayar kocin. Na ce me ya sa ba ya tura wasan duka? Ya ce, "Kawu, data za ta ƙare, hankalin yaron ma zai ƙare."

Nan take makarantar allo ta faɗo min a rai. Malam ba ya rubuta maka izu guda rana ɗaya. Ayoyi kaɗan ne, ka yi ta maimaitawa har su zauna, ka zo ka biya a gabansa, sannan a ce ka wanke a yi maka ƙari. Da wannan hanya muka tashi, da ita yara ƙanana suke haddace Alƙur'ani, amma ba mu taɓa tunanin kai ta filin ƙwallo ba.

Na san za a ce wannan harkar masu kuɗi ce. Gaskiya ne manyan ƙungiyoyi suna da manhajojin nazarin bidiyon wasa irin su Hudl da Wyscout, da rigunan da ke auna gudun ɗan wasa. Amma a duba inda aikin yake ƙarewa. A gasar Turai ta 2024, golan Ingila Jordan Pickford ya shiga bugun fanareti da Switzerland da sunayen masu bugawa da ɓangaren da zai faɗi a manne jikin robar ruwansa, kuma ya tare bugun Manuel Akanji. A 2006 golan Jamus Jens Lehmann irin wannan takarda ya cusa a safa ranar da suka fitar da Ajantina. Duk binciken kwamfutar nan ya koma 'yan layuka da mutum zai riƙe a ka yana haki.

Akwai masu cewa bidiyo zai kashe basirar titi. Na yarda da su rabi. Yankan da Mohammed Kudus yake yi a ƙurar Nima ya samo shi, ba wanda ya zana masa. Sai dai makarantar ƙwallo ta Right to Dream ce ta ɗauke shi ta ɗora masa karatun wasa, ya wuce ƙungiyar Nordsjaelland ta Denmark, ya je Ajax a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Qatar a 2022. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kocin da zai tura wa yaro bidiyon Manchester City ya ce ya kwaikwaya, alhali a kan tsakuwa yake buga ƙwallo. Ko wanda zai jefa kuskuren yaro cikin guruf abokai su yi ta dariya. Wannan tozarci ne, kuma yaron da aka kunyata ba ya sake neman a ba shi ƙwallo.

Abin da ke damuna shi ne Kano ta fi Nima sauƙin yin wannan aiki, amma a Nima na fara ganinsa. Nan ƙungiya ɗaya za ka tarar da mai jin Hausa, da mai Twi, da mai Ga, da Badagombe, dole hoto ya yi aikin da baki ya kasa. Can harshe ɗaya ne, ga gidajen kallon ƙwallo a kowane lungu da talabijin a rufe tun safe har yamma, da za a iya nuna wa yara bidiyon a ciki. Garin da Kano Pillars ta ɗauko wa kofin lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ba ƙafa ya rasa ba.

Ƙanena yana horar da 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar a Fagge. Na gyara wata tsohuwar waya mai kyamara mai kyau, na sa mata sabon batir, na ajiye wa mai tafiya Kano a ƙarshen wata. Na riga na yi masa saƙon murya cewa ya nemi katanga mai tsawo a gefen fili, kuma ya fara da lamba ukunsa.