Ƙarar Haƙori a Gaban Likita

Ƙarar haƙori ɗaya na kai, turmin sama na hagu, wanda ya raba ni da ruwan sanyi. Tun a hanya na yanke masa hukunci: a cire shi kowa ya huta.

Likita ko kallon hukuncina bai yi ba. Ya kwantar da kujera, ya dalle min fuska da fitila, ya zura ɗan madubi mai dogon mariƙi ta bayan haƙora, ɗaya hannun riƙe da siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Haƙora 32 ne a bakin baligi idan sun cika, bawan Allahn nan sai da ya gaisa da nawa ɗaya bayan ɗaya. Yana busar da kowanne da iska, wai ruɓa tun tana jaririya fari-fari take fitowa marar sheƙi, kuma yawu na ɓoye ta. Sai da bakina ya cika da yatsu da ƙarafa sannan hira ta zo masa.

"Malam, da sanyi yake tashi ko da zafi?"

Na ce, "Aaa-ga-ha."

Ya ce, "To, da sanyi ke nan." Ikon Allah, kuma haka nake nufi.

Ya ƙwanƙwasa wanda nake tuhuma, shiru. Ya ce sai an yi hoton X-ray, mai amfani da wani haske da ke ratsa jiki, domin inda haƙori ya manne da ɗan'uwansa ido ba ya kaiwa, madubi ma haka, kuma can ruɓa ta fi son fakewa.

Mataimakiyarsa ta lulluɓa min wata riga mai nauyin tsiya, ta cusa min ɗan faranti tsakanin harshe da haƙora, ta ce in cije kar in motsa. Gefensa ya soki ƙasan harshena, amai ya taso, hawaye ya biyo baya. Likita ya ce in kwantar da hankali, hasken ɗan kaɗan ne ƙwarai. Yana rufe baki shi da ita suka fice daga ɗakin suka bar ni da na'ura a kunci! Daga baya ya ce ni yau kaɗai zan sha hasken, su kuwa kullum ne. Hujja ce mai kyau, amma da kafin su gudu aka ba ni ita.

Na yi ƙorafin farantin. Ya ce in gode Allah: wani likitan haƙori a Jamus, Otto Walkhoff, da ya ɗauki hoton nasa haƙoran a 1896, minti 25 ya yi da farantin gilashi a baki. Nawa ko daƙiƙa ɗaya bai kai ba.

Hoto ya fito a kwamfuta. Haƙora fari tas, saboda ƙwarinsu yana tare hasken. Inda ƙwayoyin cuta suka mai da sukari tsami har ya zaizaye haƙori kuwa, haske wucewa yake yi, wurin ya fito duhu. Na ƙura wa turmin sama ido ina jiran asirinsa ya tonu. Lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo babu.

Likita ya gangara da alƙalami ƙasa, tsakanin turame biyu da ban taɓa zargi ba, ya nuna inuwa biyu suna kallon juna.

"Likita, ai waɗannan ba sa ciwo."

"Ɗaya bai wuce ɓawon waje ba, can babu jijiya, shi ya sa ya yi shiru. Ɗayan ya shiga ciki, shi ke ciwon. Sama da ƙasa rassan jijiya ɗaya ne, sai ƙwaƙwalwa ta rikita adireshi." Ya ƙara da cewa ramin yakan ɗan fi abin da hoto ya nuna zurfi. Ban tambaye shi wannan ba.

Na ce anya ban motsa ba lokacin ɗauka, ko inuwar kuskure ce?

"Ba damuwa, sai mu sake." Mataimakiyar ta miƙa hannu ta ɗauko farantin.

Na ce a'a, ranka ya daɗe, yanzu da na duba da kyau ni ma ina ganin ramin. Yaushe zan dawo ciko?