Ranar da kiɗa ya tashi ya fita daga falona

Tunda labarin ya riga ya zaga kuma kowa sai ya ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakina.

Kun san ciwon da nake fama da shi na son sauti mai kyau, kun kuma san yanayin aljihun. To bara waccan na ci karo da wani karo-karo a intanet, irin wanda ake yi a su Kickstarter da Indiegogo, ba zan faɗi a wanne ba balle sunan kamfanin. Wasu samari ne da bidiyo mai kyau, wai za su ƙera sifikun falo masu sautin na manyan kamfanoni a kuɗi kaɗan tunda ba dillali a tsakani, kai dai ka zuba naka yanzu kaya su zo daga baya. Akwai matakai, na danna na can ƙasa, na 'yan sammako, ƙananan rubutun da ke ƙarƙashi kuwa ko kallo ba su ishe ni ba. Aka ce wata 4. Wata 15 aka yi, yau imel ya zo katako ya maƙale, gobe masana'anta a Sin ta tafi hutun sabuwar shekara, jibi an canza fenti, har uwargida ta raɗa musu suna sifikun gaibu. Abokina Injiniya ya taɓa ce min su kansu Kickstarter tun 2012 suka fito suka ce su ba kanti ba ne, wato ba saye ka yi ba, gudummawa ka bayar aka yi maka alkawari. Nace masa hassada ce.

Sai ga kwali biyu sun iso. Nan na yanke hukuncin da ya kashe ni: ba zan kunna ba sai da shaidu.

Na dai jera su kamar yadda na karanta, su biyu da kujerata muka yi kusurwa uku daidai wa daida, ƙaramin bakin nan na sama mai fitar da siririn sauti ya zo saitin kunne, na ɗan janye su daga bango don kar bes, wato sautin nan na ƙasa mai kauri, ya kumbura. Na leƙa bayansu na ga ba filogi, ba maɓalli, sai wasu 'yan ƙusoshi biyu, ja da baƙi. Wallahi abin da ya zo min a rai shi ne lallai duniya ta ci gaba, ko wayar wuta an daina. Ai a bidiyon ma wayar hannu kawai yaron ya danna kiɗa ya tashi.

Aka taru, da Injiniya, da ƙanin uwargida, da mutumin nan namu na ofis da ba ya zuwa ko'ina sai an ce akwai abin kallo, da maƙwabcina. Kafin in kunna sai da na yi musu lacca ta kusan minti 20. Na gaya musu kunnen ɗan Adam yana jin girgizar sauti daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya, kuma na saman yana raguwa in shekaru suka ja, na ɗan kalli maƙwabcin nawa lokacin da nake faɗin haka, Allah ya yafe min. Na gaya musu faifan CD sau 44,100 yake ɗibar sauti a sakan. Na zagi ƙananan sifikun bulutut ɗin nan masu kamar gwangwani, nace duk mai jin kiɗa da su bai taɓa jin kiɗa ba, hayaniya yake ji. Ku riƙe wannan.

Injiniya ya tashi ya zagaya bayan sifikun, ya duƙa, ya daɗe, ya dawo ya zauna ya harɗe ƙafa. Yace Oga bismillah.

Na buɗe bulutut a waya, nan take ta ce ta haɗu, har da ɗan ƙarar nan ƙil, daga wajen kantar da ke tsakanin sifikun. Nace kun ji saurin? Na sa kiɗa, na jingina, na rufe ido. Rufe idon nan shi ne har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Na fara fassara musu abin da suke ji. Nace ku saurari muryar, kamar mawaƙin yana tsaye a tsakiyar ɗakin nan ko? Wannan shi ake nema, ka ji murya tana fitowa daga tsakiya inda babu sifika. Injiniya yace ƙwarai kuwa Oga, daga tsakiya take fitowa. Nace Alhamdu lillahi yau ka yarda. Yace to bes ɗin fa, kamar bai da nauyi? Nace sababbi ne, sai sun yi kwanaki suna aiki kafin su saki jiki, kuma kunnenku ya saba da bes na ƙarya mai girgiza taga, wannan shi ne na gaskiya, mai ladabi. Ƙanin uwargida yace Yaya wallahi ni har a ƙirjina nake jinsa. Ya dafa ƙirji, an ce, don ni idona a rufe yake.

Can sai na ji kiɗan ya motsa. Ya bar tsakiya ya fara tafiya hagu a hankali. Tsigar jikina ta tashi, na ɗaga yatsa sama nace kun ji? Kun ji? Wannan shi ne sitiriyo! Na bi shi da kai ido a rufe, yana tafiya ina juyawa, nace ku ji yadda ya wuce sifikar ma ya fita waje da ita, wannan faɗin sautin sai a kayan masu kuɗi, ya ci gaba da tafiya, ya bi ta gefen kunnena, ya koma bayana, nace la ilaha, har ta baya, ba su ma faɗi wannan a bidiyon ba! Ya yi ƙasa-ƙasa. Ya yi nisa. Sai na ji an rufe ƙofa.

Na buɗe ido. Falon tsit, sai kiɗan can a ɗakin yara. Mutumin ofis ya cusa fuska a filon kujera kafaɗunsa na rawa, maƙwabcina yana kallon silin kamar yau ya fara ganinsa. Ashe auta ce ta shigo ta ɗauke 'yar sifikarta, gwangwanin nan dai da na gama zagi, da ta bari a kunne bayan littattafai a kan kanta, kuma wayata ta santa tun tuni shi yasa ta haɗu ba gardama. Na ƙwala mata kira ta leƙo da abin a hannu yana ta waƙa, tace Abba ka gama da ita ne? Caji ya kusa ƙarewa.

Waƙa uku na yi ina yabon gwangwani. Uku.

Amma ni duk wannan bai ƙona min rai kamar ƙanin uwargida ba. Injiniya mugu ne, mun sani, tun da ya duƙa ya gane komai ya zaɓi ya zuba ido, wannan halinsa ne tun muna makaranta kuma ya amsa laifinsa yana hawayen dariya. Shi kuwa wancan, mutumin da ya dafa ƙirji, mutumin da yace bes na dukan zuciyarsa, ana fara dariya sai cewa yayi ai ni Yaya tun farko na ji wani iri, kawai kunyarka na ji. Kunya? Wanda ya ari tsanina tun kafin a haifi auta, in na tambaya yace yana hanya? Wanda ya taɓa rantsuwa ya ga bambanci a talabijin ɗina bayan na goge ƙura kawai? Kuma shi ne ya fara kai labarin gidan surukai, a nasa labarin wai shi ya gano, har yana kwaikwayon yadda nake juya kai. Bai ma iya ba, ni hagu na fara juyawa.

Daga baya dai Injiniya ya yi min bayani yana share ido. Sifikun irin waɗanda ba su da injin kansu ne, sai an haɗa su da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ƙusoshin nan ja da baƙi nan waya take shiga. Akwatin amfilifaya mai bulutut da na gani a bidiyo yana mataki na gaba, wanda na tsallake don ina ganin wayo ne. Na koma na duba, ga shi nan a rubuce ƙarara, har da adadin wat ɗin da suke buƙata, wato ƙarfin wuta. Yace kar in tayar da hankali, ƙananan amfilifaya irin waɗanda ake kira ajin D yanzu ba su da tsada, ba sa zafi sosai, tafin hannu ma ya ishe su, kawai in duba wat na RMS, wato ainihin ƙarfinta, in rabu da lambobin talla na PMPO ɗin nan masu sifili da yawa da ake bugawa a jikin kwali.

Na sayo. Na haɗa da kaina ba shaida ko ɗaya, na kulle ƙofa ma. Kiɗa ya fito amma bes ya gudu, murya kuma ta ƙi zama a tsakiya, tana yawo kamar mai neman takalminsa. Kwana biyu ina zagin samarin nan a zuciya kafin in sauke girman kai in kira Injiniya, ya zo ya duƙa a wajen nan dai, yace Oga ka juya wayar ɗaya, ja ya tafi baƙi, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye bes ɗin juna. Sakan 10 ya gyara. Gaskiya suna da daɗi, wannan ba zan ɓoye ba, duk da yanzu ko nace suna da daɗi sai uwargida tace ka dai duba bayan littattafai.

Jiya samarin sun turo imel wai za su fara karo-karon sifikar bes. Ban danna ba, na dai buɗe. Wanda ya ga ƙanin uwargida ya ce masa ina son tsanina.