Ni da kurar gardawa

Ranar kasuwa ce, gardawa suka iso da kurarsu, ni kuma ga kilishi na naɗe a aljihu zan kai wa uwargida. Ina tare da abokaina.

Bakina ne ya ja min. Tun daga nesa na buɗe musu karatu: kura ba gurguwa ba ce, ƙafafun gaba ne suka fi na baya tsawo, shi ya sa bayanta ya zube. Macen ta fi namijin girma, ita ce ma shugaba. Na ce a Harar ta ƙasar Habasha har da baki ake miƙa mata nama da dare. Na ƙara da cewa na taɓa jin kukanta a Yankari, ko gezau ban yi ba. Ban dai gaya musu a mota nake ba, gilashi a rufe.

Sai aka ce to malam, matsa a ɗauke ka hoto.

Jama'a, kura a waya daban, kura a gabanka daban. Wuya kamar turmi, kunnuwa zagayayyu, jiki duk dabbare-dabbaren baƙi, ga wani wari mai hawa kai. Da takunkumi fa a bakinta, da sarƙa, gardi na riƙe. Ta ɗaga hanci, ta shinshina, ta nufo aljihuna kai tsaye. Sai ta saki wannan dariyar tata.

Ban san lokacin da na tashi ba. Takalmi ɗaya ya yi gabas, hula ta yi yamma, ni kuma na dira zaune daɓas cikin ƙwaryar mai nono. Ina jin sanyin yana ratsa wando, kasuwa ta yi tsit, sannan kowa ya fashe.

Duk na yafe, ban da tsohon nan mai goro na bakin rumfar mahauta. Bai yi dariya ba. Ya gyara zama, ya ce, "Malam, a Habashar ma haka ake yi?" Mutumin da shekara uku nake sayen goronsa, daushe yake haɗa min ina yin shiru! Jiya ma da na wuce sai da ya ɗaga min hannu yana tambayar ya Yankari.

Na biya kuɗin nono har da ƙwarya. Kilishin dai har yau ba a ga wanda ya tsinta ba.